Ƙamus Mai Aski Ya Yi Waƙafi

A layin shagunan da ke tsakanin masallaci da bakin titi akwai wani mai aski da ya daɗe yana cin kasuwarsa shi kaɗai. Shagon ɗan ƙarami ne: kujera mai juyawa wadda ta gaji ta daina juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, bencin masu jira, sai rediyo a kan kanta da ba ta hutawa daga buɗewa har rufewa. A bakin ƙofa kuwa janaretansa ne, ja, ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi. Shi yake fara gogewa da safe kafin ya gaisa da kowa. Wutar layin ba ta da alƙawari, ta zo yau ta ɓace har a manta da ita, saboda haka in ka ce janaretan nan shi ne shagon, ba ka yi ƙarya ba.

Ana nan sai wasu suka buɗe sabon wurin aski a tsallaken titi, daidai saitinsa, suka kafe talabijin a bango suna nuna ƙwallo. Nan da nan masu gashi suka fara tsallakawa. Mutanen da ya aske tun suna kuka a cinyar iyayensu, yanzu sai su wuce ta gaban shagonsa suna duban sama kamar masu neman hadari.

Ran nan da safe yana shan shayi a gida, ya buga cinya ya ce da matarsa, "Na samo maganinsu. Su suna da ƙwallo, ni ina da ilmi."

Matar tana ninke kayan makarantar yara, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wane ilmin, Baban yara?"

"Larabci. Manyan kalmomin addini. Duk wanda ya zauna a kujerata zai tashi da aski, ya tashi da kalma guda da ma'anarta. Mutum ya shigo da gashi, ya fita da fahimta."

"A ina ka karanta?"

"Ke da kike zuwa makarantar matan aure, kuna nanata layi ɗaya har a tashi, ke ce za ki tambaye ni? Ni kullum malamai ne a kunnena. Tun yaushe rediyon nan take kan kantar shagona?"

Gaskiya ya faɗa, rediyon ta daɗe. Sai dai malamin da ke bayanin kalmomi a cikinta yana da wata ɗabi'a: ya kan faɗi kalma, ya ja numfashi, sannan ya kawo ma'ana. A daidai wannan numfashin ne kuma mai aski ya saba kunna inji. Kalmar ta shiga kunne, ma'anar ta bi ƙugin inji ta tafi. Giɓin da ya rage shi yake cikewa da kansa, kuma bai taɓa rasa abin cikawa ba.

Ya sa aka rubuta masa da fenti a saman ƙofa: ASKI DA ƘAMUS. Kafin fentin ya bushe 'yan layin sun raɗa masa suna Ƙamus, ya kuwa karɓa hannu biyu.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa wani tsohon direba ne mai sanƙo, wanda 'yan gashin da suka rage masa a gefe ne ke kawo shi. Ƙamus ya yafa masa mayafi, ya ɗaure a wuya yadda ba zai tsere ba, ya ce, "Baba, kalmarka ta yau ita ce mubahi."

"Ni aski na zo, ɗana."

"Ai a haɗe suke. Saurara da kyau, kalmar da kanta take faɗin ma'anarta. Mu-ba-hi. Mu ba shi. Duk abin da aka ce mubahi ne, in ɗan'uwanka ya miƙo hannu ya nema, ba ka da ta cewa, sai ka ba shi."

Tsohon ya dube shi ta madubi. "Wato Larabawa ma suna jin Hausa?"

"Da yawa a wurinmu suka ara, faɗa ne ba sa so."

Tela na shagon kusa yana jingine a bakin ƙofa, da rigar wani a kafaɗa wadda aikin wuyanta ya tsaya saboda rashin wuta. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Malam Ƙamus, tambaya gare ni."

Wannan ne karo na farko da aka haɗa masa Malam. Sai da ya ji kansa ya ƙara girma. "Bismillah, Tela, ai don haka aka buɗe wurin."

"Ita wutar janareta, haram ce?"

"A'a, wa ya gaya maka?"

"To wajibi ce?"

"Ba ta kai can ba."

"To mece ce?"

Ƙamus ya duba 'yan kalmomin da ke cikin kansa, ya ga saura guda. "Mubahi ce."

"Alhamdu lillahi," in ji Tela, ya zaro hannun da ya ɓoye a bayansa. Doguwar waya ce a naɗe, da kan soket ɗinta.

Ƙamus ya dubi wayar. Tsohon direba na kallonsa ta madubi, masu jira biyu na kallonsa daga benci. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba ya ce, "Jona mana. Ka ga amfanin ilmi ke nan."

Labari ya bi layi. Mai shayi ya zo da wayarsa don ɗan firjinsa. Mai cajin waya ya zo da tasa. Kowa ya iso sai ya yi sallama, ya ce, "Malam, mubahi," ya durƙusa ya jona. Wayoyi suka fita daga janaretan ta ko'ina kamar saiwar bishiya, shi kuma muryarsa ta sauya, ya koma yin gurnani irin na wanda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Da matar ta ji, ta ce, "Baban yara, mubahi fa abin da aka halatta ne kawai. In ka yi ba lada, in ka bari ba zunubi. Ba wanda ya ce dole ka ba kowa komai."

"Wannan fassarar 'yan koyo ce," in ji shi. "An sauƙaƙa muku ne don kada kanku ya ɗau zafi."

Zafin gari kuwa ya tsananta a kwanakin, ruwa ya ƙi sauka. Wata hantsi mutane sun taru a teburin mai shayi suna fifita da hulunansu, tsohon direba ya ce ya kamata a yi wa Liman magana a fita roƙon ruwa. Ƙamus ya ajiye kofi ya ɗaga yatsa.

"Baba, a daina cewa roƙon ruwa kamar ba a yi karatu ba. Abin yana da suna. Gobe da safe duk unguwa, manya da yara, mu fita fili mu jeru sahu-sahu, mu yi istinja'i."

Ladanin masallacin yana zaune a ƙarshen benci, shayi ya sarƙe shi. Sai da mai shayi ya bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya share hawaye ya ce, "Kowa da butarsa ke nan, Malam?"

"Buta kuma ta me?"

"Istinja'i ai tsarki ne, wanda mutum ke yi bayan ya zaga bayan gida. Roƙon ruwa istisƙa'i ake cewa."

Bencin ya girgiza da dariya, har wani ya zube ƙasa. Ƙamus ya jira suka lafa, ya kaɗa kai cikin tausayi.

"Kun ga illar rabin sani. Isti da isti, 'yan gida ɗaya ne. Wannan da ruwa, wancan da ruwa. Ni tushen na kama, Ladan reshe ya riƙe."

"To ka riƙe tushen kai kaɗai," in ji Ladan. "Ni ba zan yi shelar wannan a lasifika ba."

Tun daga ranar, duk wanda ya wuce shagon da buta a hannu sai ya ɗaga ta ya ce, "Malam, yaushe za a fita?" Ƙamus ya ɗauki wannan a matsayin shahara. Ya gaya wa matarsa cewa yanzu ko mai tafiya alwala sai ya tsaya ya gaishe shi.

Abin ya kai maƙura ranar da hedimastan makarantar bayan layi ya shigo da sauri. Yana cikin 'yan ƙalilan da ba su taɓa tsallaka titi ba. Ya ce masu duba makarantu ne za su zo, a yi masa aski tas, a yi maza. Ƙamus ya kunna inji ya fara daga dama, yana share gashi yana bayanin wata kalma. Ya gama gefe guda har tsakiyar kai, daidai lokacin da mai wanki da guga na ƙarshen layi, wanda ya ji labarin mubahi a makare, ya iso ya jona dutsen gugarsa.

Janareta ya yi tari, ya yi atishawa, ya saki baƙin hayaƙi, ya yi tsit. Inji ya mutu a tsakiyar kan hedimasta da gashi a bakinsa.

Ƙamus ya fita ya ja igiya. Ya sake ja. Ya ja har hularsa ta faɗi. Ya dawo yana haki, ya tarar hedimasta ya ƙura wa madubi ido: gefe guda sumul kamar ƙwai, gefe guda daji.

"Mene ne wannan?"

Ƙamus ya ɗauki burushi ya fara karkaɗe masa wuya kamar an gama. "Ranka ya daɗe, wannan shi ake kira ƙasaru. A yi rabi a bar rabi. Sauƙi ne addini ya kawo."

"Ƙasaru sallar matafiyi ce, mai raka'a huɗu ta koma biyu. Ni daga bayan layin nan na zo da ƙafata. Matafiyi ne ni?"

"Ai duniyar ma duk matafiya ne mu."

Hedimasta ya tashi da mayafin a wuya, ya ja shi ya rufe kansa, ya tsallaka titi a gaban kowa ya shiga shagon masu ƙwallo. Aka ji shewa daga ciki, kuma ba ƙwallo ce ta shiga raga ba.

Mai gyara ya zo ya tayar da janaretan, ya goge hannu ya ce in aka ƙara ɗora masa wayoyin nan, sai dai a sayar da shi a matsayin ƙarfe. Ƙamus ya shiga uku. In ya ce a cire wayoyi, ya ƙaryata kansa ke nan a kan mubahi. In ya bari, shago ya mutu. Abin da yake buƙata wata kalma ce da ta fi mubahi nauyi, wadda za ta danne ta.

Sai ga rediyo ta kawo masa ita har kan kanta. Malamin ya ce, "Kalmarmu ta yau ita ce waƙafi. Abin da aka yi waƙafinsa ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa." Ya ja numfashi. Ƙamus, don murna, ya danna inji ya kai kan mutumin da ke kujera, sauran bayanin ya tafi.

Ba a kyautar da shi. Ai magana ta ƙare. Ya kuma tuna a karatu in an ce waƙafi, tsayawa ake yi. Wato abu ya tsaya inda yake, kada wanda ya taɓa. Ya ji daɗin yadda ilmi ke haɗuwa da ilmi a kansa. Ya yanke shawarar ba a shago zai faɗa ba, a masallaci zai faɗa, inda Tela da mai shayi da mai guga za su ji da kunnensu, ba wanda zai ce bai sani ba.

Bayan an sallame la'asar, kafin mutane su miƙe, ya tashi tsaye ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam, jama'a, ina da sanarwa. Janaretana da kuka sani, daga yau na yi waƙafinsa."

Liman dattijo ne mai sanyin magana, ya juyo gaba ɗaya ya dube shi ta saman tabarau.

"Mai aski, waƙafi ka ce?"

"Waƙafi."

"Ka san abin da kalmar take nufi?"

Ƙamus ya ji tambayar kamar mari. A gaban Ladan kuma. "Allah gafarta Malam, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Ko na yi kuskure?"

"Ba ka yi ba. To ga wa ka yi shi?"

Bai gane tambayar ba, amma bai ga dalilin da zai sa a san haka ba. Ya buɗe hannuwa ya nuna bango da rufi. "Ga shi a nan masallaci nake faɗa, gaban jama'a." Sai ya ji maganar tana son abin rufewa mai nauyi, ya ƙara da wata da ya saba ji a ƙarshen jawabin manya. "Fi sabilillahi."

Aka ɗauki kabbara. Liman ya ɗaga hannu ya yi masa doguwar addu'a, ya roƙa masa inuwa ranar da babu inuwa, jama'a na amsawa da ƙarfi, don sun daɗe suna salla cikin gumi, fankokin rufi na kallonsu. Tsohon direba ya rarrafo ya kama hannunsa da hannu biyu, ido ya kawo ruwa. "Ka yafe mini, ɗana. Na ɗauka surutu ne kawai gare ka."

Ƙamus ya koma shago yana tafiyar ƙasaita. Bai gama zama ba sai ga Ladan da mai shayi sun turo baro, jama'a na biye da su.

"Malam, makullin sarƙa."

"Na me?"

"Za mu kai shi inda ka tsayar da shi."

"Ai a tsaye yake. Waƙafi ne, ba a taɓawa."

"Kai ne ba ka taɓawa," in ji Ladan. "Ka fitar da shi daga hannunka saboda Allah, amfaninsa ya koma na masallaci har abada. Ba kai ka ce fi sabilillahi ba? Saboda Allah ke nan, ba saboda aski ba."

Ƙamus ya dubi fuskokin da suka cika ƙofar, duk suna masa kallon girmamawa irin wanda bai taɓa samu ba tun da aka haife shi. Ya dubi allon da ke saman ƙofarsa. Ya sa hannu a aljihu a hankali, kamar mai ciro haƙorinsa da kansa, ya miƙa makulli.

"Gwada ku nake yi," in ji shi. "In ga ko kun fahimta."

Aka cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora janareta a baro. Ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Fankokin masallaci suka fara juyawa. Aka matsa wa Ƙamus wuri a sahun gaba, daidai ƙarƙashin wadda ta fi ƙarfi, ya zauna yana shan iskar kayansa yana jin kamar ana fifita masa wuta. A shago kuwa sai almakashi da reza, da zufa. Masu zuwa suka ƙara raguwa. Tela ma ya daina gaishe shi da Malam, ya leƙo ya ce, "Kai ma dai ba ka kyauta ba. Ka ɗauki wutarmu ka bayar, ko shawara babu."

A gida matar ta ajiye masa abinci ta zauna ta fuskance shi.

"Baban yara, da almakashi za ka ciyar da mu?"

"Irin ladan da nake samu ba ki san iyakarsa ba."

"Lada sai da niyya. Kai niyyarka a hana Tela wuta. Ka je wurin Liman ka ce ba ka san ma'anar ba, mutum ne mai fahimta."

"Ni? In ce ban sani ba? Kin karanta abin da ke saman ƙofata?"

"Na karanta. Fenti ne."

Ya ture kwanon ya ce ba da shi za a yi wannan ba. Kalma ce ta fitar da janareta, kalma ce za ta kai shi wurin janareta. Kuma ya riga ya samo ta: i'itikafi. Ya san dai zama ne a masallaci, kuma duk mai yinsa ba a korarsa.

Washegari da hantsi, da aka tayar da janareta don a sanyaya masallaci kafin azahar, sai ga Ƙamus ya turo kujerarsa a baro, da madubi, da mayafi. Ya kafa su a barandar masallaci, ya jona inji. Ya tare wani mai kayan miya da ke wucewa ya zaunar da shi, bayansa wani, bayansa wani, don mutane sun ga wuri mai sanyi.

Ladan ya fito daga wurin alwala ya tsaya cak. "Me nake gani haka?"

"I'itikafi nake yi. Kada ka katse mini ibada."

"Da inji?"

"Kowa da irin nasa."

Ladan ya ce Liman ne zai raba wannan, ya juya. Abin da Ƙamus bai lissafa da shi ba shi ne fankokin. Ƙofofi a buɗe, iska na zagayawa, duk gashin da ya zuba a baranda sai ta kwashe shi ta shiga da shi ciki ta shimfiɗa a kan darduma. Aka kira salla, Ƙamus ya kashe inji ya shiga sahun gaba. Da aka sallame, mutane suka dubi juna. Kowa da gashi manne a goshi da hanci, saboda gumi. Wani na tofarwa, wani na atishawa. Tsohon direba, wanda ya yi shekaru rabonsa da gashi a gaban kai, ya shafa goshinsa ya duba tafin hannu ya ce, "Ikon Allah. Na wa ne wannan?"

Liman ya cire tabarau ya hure gashin da ke jiki, ya mayar, ya ce kowa ya zauna.

"Mai aski, matso."

Ƙamus ya matso.

"I'itikafi zama ne a masallaci don ibada, mutum ya ajiye kasuwa a waje ya shigo. Kai kuma ka ɗauko kasuwar ka shigo da ita. Wannan ɗaya ke nan." Ya ɗaga yatsu biyu. "Na biyu, mai ɗakinka ta yi wa mai ɗakina magana. Ni ma tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Masallaci ba ya son abin da mai shi bai bayar da zuciya ɗaya ba. A iya abin da na karanta, wanda ya furta magana bai san me take nufi ba, bai kuma nufe ta ba, ba a kama shi da ita. In haka ne, faɗi a gaban waɗanda ka yi sanarwa a gabansu, ka ɗauki kayanka. In kuwa da saninka ka yi, to ya zauna, kujera kuma ta koma shago."

Duk ido ya dawo kansa. Ta taga yana hango janaretan, ja, yana aiki lafiya lau ba tari. Ya buɗe baki. Kalmomi uku ne kacal, ban sani ba, amma girman kai ya hana su fita.

"Allah gafarta Malam, ita wannan mas'alar, in aka dubi tushenta..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?" in ji Tela daga baya.

"Akwai saɓani."

"Tsakanin wa da wa?" in ji Ladan.

"Tsakanina da rediyo."

Dariya ta ɓarke, har Liman ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Da ya ɗago ya dubi mutumin da ke gabansa, gumi na bin wuyansa, ga iyali a gida, ga taurin kai. Ya ga in aka bar shi da Hausa, za a kai la'asar a nan.

"To bari in sauƙaƙa maka. Akwai wata kalma da manyan malamai ke amsawa da ita in tambaya ta yi nauyi. Ba kowa ke iya faɗinta ba, sai wanda ya isa. Zan tambaye ka, ka amsa da ita. Ka ce la adri."

Idon Ƙamus ya yi haske. Kalmar manyan malamai, kuma shi aka zaɓa a cikin duk masallacin. Ya miƙe tsaye ba wanda ya ce ya miƙe, ya gyara hula, ya juya ya fuskanci jama'a.

Liman ya ce, "Mai aski, mece ce ma'anar waƙafi?"

"La adri."

"Mubahi fa?"

"La adri."

"Istisƙa'i?"

Ya ƙara ɗaga murya, yana jan ƙarshen yadda malamin rediyo ke yi. "La adri."

"Jama'a kun shaida?"

Waɗanda suka gane suna toshe baki, suka ce sun shaida. Liman ya ce da Ladan a kashe janareta a mayar wa mai shi, masallaci kuma jama'a su haɗu su nemi nasu. Fankoki suka rage gudu, suka tsaya. Ƙamus ya dubi Tela sama da ƙasa, kallon wanda ya ci nasara da kalma guda.

Tela bai haƙura ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, mu da ba mu yi nisa ba, ita la adri ɗin me take nufi?"

Liman ya ce, "Ban sani ba."

Ƙamus ya riga ya kai ƙofa yana neman takalmansa. Ya tsaya, ya juyo a hankali, ya dubi Liman da tausayi na gaske. Sannan ya dubi jama'a ya rage murya, don kada ya kunyata dattijo.

"Kun ji da kunnenku. Shi kansa Liman bai sani ba. Amma kada wanda ya yi masa dariya, ilmi faɗi gare shi. Allah gafarta Malam, in ka samu sarari ka biyo ta shago, zan duba maka."